"Lleno" da "Cika": Kalmar Sifaniyanci a Kunnen Mutanen Ɗankaza

Wannan sharhi na rediyo musamman domin mutanen Ɗankaza ne da na sauran mazaɓun ƙaramar hukumar Wudil, su Darki, da Lajawa, da Utai, da Indabo, da Kausani, da cikin gari.

Sharhinmu na yau a kan kalma ɗaya tak zai tsaya, kuma ta Sifaniyanci ce, harshen mutanen Sifaniya. Na san akwai dattijon da zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Baba, a yi mini haƙuri a saurara. Harshen nan ya riga ya shigo mana gari, ta ƙofar ƙwallon ƙafa ya shigo, kuma 'ya'yanku sun fara tsintar kalmominsa ɗaya bayan ɗaya a wayoyinsu. Tun da sun fara, gara su tsince su da kyau.

A leƙa kowane gidan kallon ƙwallo a daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona. Tun kafin a take wasa bencina sun cika. Mai karɓar kuɗi yana bakin ƙofa yana ta faɗin a matsa, a matsa. Ƙananan yara sun zube a ƙasa dab da talabijin, waɗanda ba su samu shiga ba sun manna ido a ɓular langa-langa, janareta na ta ruri a bayan ɗaki. In ka tambayi wanda ya fito shan iska yaya ciki, zai ce maka, "Ya cika maƙil, ba masaka tsinke." A daidai wannan lokaci, can birnin Madrid, mai ba da labarin wasa yana duban filin Santiago Bernabéu yana faɗin kalmar da muka zo da ita yau: "lleno". Ma'ana, fili ya cika. In cikar ta kai intaha sai ya ƙara da cewa "no cabe ni un alfiler", wato ko allurar maƙala tufafi ba ta da wurin shiga. Mu tsinke muka ce, su allura suka ce, amma ido ɗaya ne ya ga abin.

Ga mai biro a hannu, ga yadda ake rubuta ta: harafin L guda biyu, sai E, sai N, sai O. Amma kada a karanta ta "leno". L biyu a jere a Sifaniyanci sautinsu daban ne. Mafi yawan masu harshen "yeno" suke cewa. A Ajantina da Yurugwai kuwa za ka ji ta kamar "sheno". Duk kalma ɗaya ce, bambancin baki ne kawai, irin wanda ke tsakanin Bakano da Basakkwace.

Asalinta daga Latinanci ne, harshen Rumawa, waɗanda suka sa ƙafa a yankin tun shekara 218 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Su "plenus" suke cewa. Da zamani ya yi nisa, bakin mutanen Sifaniya ya narkar da P da L na farkon kalma suka zama wannan L biyu. Haka "pluvia", ruwan sama, ta koma "lluvia", "plorare", kuka, ta koma "llorar". Faransawa suka ce "plein", Italiyawa "pieno", mutanen Fotugal "cheio". Daga baya masana suka sake ɗauko tsohuwar kalmar daga littattafai suka mai da ita "pleno", ita ce ake amfani da ita a manyan wurare, kamar cikakken zaman majalisa.

To, yanzu ga inda nake so matasa su kasa kunne, domin nan ne dalilin wannan sharhi. Yawancin yaranmu da ke taɓa Sifaniyanci ta Turanci suke bi. Su ɗauki kalma su juya ta zuwa Turanci, sannan su lalubo Hausarta. Wannan zagaye ne, kuma ana asara a hanya. A abubuwa da dama Sifaniyanci ya fi kusa da Hausa fiye da yadda yake kusa da Turanci.

Ga misali. Bature kalma ɗaya yake da ita ta cikakken abu, ko namiji ne, ko mace, ko jam'i. Mu kuwa cewa muke cikakke, cikakkiya, cikakku. Haka mutumin Sifaniya: "lleno" ga namiji, "llena" ga mace, "llenos" da "llenas" ga jam'i. Kofi a wurinsu namiji ne, sai su ce "vaso lleno". Kwalba mace ce, "botella llena". Ɗalibin da Turanci kaɗai ya sani sai ya sha wahala kafin ya yarda cewa kwalba tana da jinsi. Yaron Ɗankaza kuwa tun yana goye ya san tulu "ya" cika, randa "ta" cika. Abin da ya rage masa shi ne ya kula da inda jinsin ya saɓa. Wata a Hausa namiji ne, a wurinsu mace ce, shi ya sa watan daren sha huɗu suke kiransa "luna llena".

Sai kuma wani abu da ke ɗaure wa masu koyo kai. Sifaniyanci yana rarrabe abin da yake ɗabi'ar abu da halin da abu ya samu kansa a ciki yanzu. Na farko "ser", na biyu "estar". Kalmarmu ta yau da "estar" take tafiya, domin cika hali ne mai wucewa: abin da ke cike da safe yana iya zama wayam da yamma. "El tanque está lleno." Turanci ba shi da wannan rabo, kalma ɗaya ke ɗaukar duka biyun. Amma Bahaushe ya san bambancin "tanki a cike yake" da "tanki babba ne". Wannan "a cike yake" ita ce "está lleno". In kana so ka faɗi abin da ya cika shi, sai ka sa "de" a inda muke sa "da": cike da ruwa, "lleno de agua", cike da mutane, "lleno de gente".

Haka aikatau. "Llenar" shi ne mutum ya cika wani abu. "Llenarse" shi ne abu ya cika da kansa. Ku saurari muryata da kyau, domin a nan rediyo ya fi takarda: "Audu ya cika tulu." "Tulu ya cika." A rubuce haruffa huɗu ne iri ɗaya, amma kunnenku ya ji karin sautin ya sauya, kuma ba wanda ya rikice a kan wa ya yi aikin. Abin da muke yi da hawa da saukar murya, su da ɗan guntun "se" suke yin sa a ƙarshen kalma.

Mu koma wajen abinci. In mutumin Sifaniya ya ture kwano ya ce "estoy lleno", ko mace ta ce "estoy llena", na ƙoshi ke nan. A gaban manya ko a gidan baƙunci wasu sun fi son "estoy satisfecho", na gamsu, kamar yadda yaro mai tarbiyya a nan ba ya ce wa surukinsa cikina ya cika, sai dai ya ce alhamdu lillahi. Akwai kuma wata 'yar'uwarta da ya kamata a yi hattara da ita, "harto". Asalinta ƙoshi ne har iya wuya, amma yau a Sifaniya in ka ji mutum ya ce "estoy harto", ba godiya yake yi ba, cewa yake abin ya ishe shi, ya gundure shi, tura ta kai bango. Baƙon da ya faɗa wa matar gida haka bayan ta gama wahalar girki ya ɓata rawarsa da tsalle. Mu ma muna da irin wannan juyi. In aboki ya ce ka raka shi wani wuri da ba ka so, ka ce masa "na ƙoshi", ai ba tuwo kake magana ba. A ƙasashe irin su Cile da Kolombiya kuma "harto" na nufin da yawa kawai. Shi ya sa ba a koyon kalma ita kaɗai, sai da bakin da ke faɗin ta da wurin da ake faɗin ta.

Yanzu mu shiga kasuwa, kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, wajen 'yan awo. Ku dubi yadda ake auna gero. Mai awo zai nutsa mudu cikin tsibin hatsi, ya ɗago, ya ƙara kamfato wani da hannu ya zuba a kai har ya yi tudu, ƙwayoyi suna gangarowa ta gefe. Mai saye ya zuba ido, bakin buhunsa a buɗe. In tudun bai yi masa ba zai ce, "Haba malam, ai bai cika ba." Alhali mudun ya cika har baki. Abin da yake nufi shi ne bai yi irin cikar da aka saba ciniki a kanta ba. Ashe cika hawa-hawa ce. Akwai daidai baki, akwai mai tudu, akwai ta gyara da ake ƙarawa bayan an gama. Sifaniyanci ma ya san wannan. Awon da aka shafe daidai baki "raso" ne, wanda ya yi tudu "colmado". "Lleno" tana tsakiya, ba ta faɗi ko wanne ne ba. In aka ɗura abu har ba sauran wuri sai su ce "repleto", inda mu za mu ce fal, ko tam, ko danƙam, ko maƙil.

Ga abin da ya fi burge ni a duk wannan bincike na kalmomi. Mudun nan da ke hannun mai awo, sunansa yana cikin Sifaniyanci. Suna da tsohon ma'aunin hatsi da suke kira "almud", har yanzu ana jin sa a wasu kasuwannin karkara na Meziko. Daga Larabci "al-mudd" ya fito, tushe ɗaya da mudunmu, wanda muke auna zakkar fid-da-kai da shi. Suna da "arroba", daga "ar-rub'u", rubu'inmu ke nan, kuma da wannan sunan suke kiran alamar nan mai kama da A a cikin zobe da ake sawa a adireshin imel. Magajin gari "alcalde" suke ce masa, daga "al-ƙadi", alƙalinmu. Sukari "azúcar". Hatta kalmar "hatta" tana nan, sun mai da ita "hasta". Dalili kuwa sananne ne. Musulmi sun shiga Andalus, wato yankin Sifaniya, a shekarar 711, mulkinsu na ƙarshe a Garnaɗa bai faɗi ba sai 1492, kuma masana suna ƙiyasta kalmomin Larabci da suka zauna a harshen sun kai kimanin 4,000. Andalus ba baƙuwa ba ce a zaurukan malamanmu. Alfazazi mai Ishiriniya haifaffen Ƙurɗuba ne. Alƙali Iyal mai Ashafa, da ake karantawa da azumi, a Sabta aka haife shi, garin da yau ake kira Ceuta yana ƙarƙashin Sifaniya, kuma ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Saboda haka, Baba, kifi da kaska sun daɗe da haɗuwa.

Kafin mu bar kasuwa mu leƙa Kara, wajen dabbobi. Masu kiwon dawaki a Sifaniya in goɗiya ta ɗauki ciki "llena" suke ce mata, wadda ba ta ɗauka ba kuma, goɗiya ce ko saniya, "vacía", wato fanko. Wannan ita ce kishiyar kalmarmu: "vacío" ga namiji, "vacía" ga mace.

Akwai wuraren da harsunan biyu suka yi kama har abin ya ba da mamaki. Jami'in da ya wawure dukiyar jama'a, mu ce ya cika aljihunsa, su ce "se llenó los bolsillos". Mai yawan kuri, mu ce yana cika baki, su ma suna da "llenarse la boca". Abin da ya ƙayatar, mu ce ya cika ido, su ce "llenar el ojo". Direba a gidan mai da ke son a yi masa ful-tanki kalma ɗaya ta ishe shi: "Lleno, por favor." Mai kyauta hannu sake, su ce yana bayarwa "a manos llenas", da cikakkun hannuwa. Wanda ya tsunduma cikin aiki gadan-gadan kuwa ya shige shi "de lleno".

Amma kada wannan kamar ta ruɗe mu. "Cika" ta Hausa ta fi "lleno" faɗi nesa ba kusa ba, kuma a nan ne fassarar waya take kayar da mutane. Mu muna cika alkawari, muna cika shekara, muna cika umarni. Su a duk waɗannan "cumplir" suke amfani da ita, wata 'yar ɗakin "lleno" ce daga tushen Latinanci ɗaya, kuma daga gare ta aka samu "cumpleaños", ranar cika shekara. In muka ce wane cikakken mutum ne, muna nufin mai kamala da dattako. Wanda ya juya wannan kai tsaye ya ce "hombre lleno", ya ce mutumin ya ƙoshi ne ko yana da jiki. Kalmar da ta dace ita ce "cabal" ko "íntegro". In kogin Wudil ya kawo ruwa a watan Agusta, masunta suka ce ya cika ya tumbatsa, mutumin Sifaniya zai fi cewa "crecido", ya ƙaru, in ya fasa gaɓa ya shiga gonaki kuma "se desbordó". Madatsa irin ta Tiga ko Challawa ce za a ce mata "lleno", domin ita mazubi ce. Ɗakunan otal in sun ƙare, allon ƙofa "completo" zai nuna. Takardar neman aiki ko ta makaranta, a Sifaniya an fi cewa "rellenar", a ƙasashen Latin Amurka "llenar".

Sai kuma waɗanda namu ne mu kaɗai. "Ya cika surutu." "Ban cika zuwa can ba." "Cika ni!" in wani ya riƙe maka riga. "Ya cika ya batse," ga wanda ya yi fushi ya kumbura. "Kawo ciko," in kuɗi bai kai ba. Da kuma wadda ta fi duka nauyi: a shigo zaure da asuba, murya ƙasa-ƙasa, a ce, "Malam ya cika." Ba wata "lleno" da za ta ɗauki wannan. Bahaushe ya dubi mutuwa ya ga kwanaki ne da aka ƙidaya wa bawa suka kai adadinsu, shi ya sa muke roƙon Allah ya sa mu cika da imani. Na'urar da ta ga haruffa huɗu ta ce maka mutum ya ƙoshi, alhali rasuwa ake sanarwa, ba ta san abin da take faɗi ba. Kuma yaron da bai san waɗannan fuskoki na kalmar gidansu ba, ba zai gane lokacin da na'urar ta yi masa ƙarya ba.

Wani zai ce, duk wannan me zai amfana wa ɗan Ɗankaza? Sifaniyanci harshen uwa ne ga mutane kusan miliyan 500, harshen hukuma ne a ƙasashe 20, kuma Meziko ce ta fi yawan masu shi, ba Sifaniya ba. Ɗaya daga ƙasashen nan maƙwabciyarmu ce ta ruwa, Ikwatoriyal Gini, wadda ta samu 'yancin kai a 1968. Tsibirinta na Bioko, da a da ake kira Fernando Po, dubban 'yan Nijeriya sun yi ƙwadago a gonakin kokonsa, suna kiran wurin Panya. Hausawa 'yan kasuwa sun zauna a Malabo da Bata tun zamanin mulkin mallaka, har ta kai mutanen ƙasar sukan kira Musulmin can da sunan "hausas". Jikokinsu da Sifaniyanci suke karatu da ciniki. Ga kuma ɗan ƙwallon nan Umar Sadiq, ɗan Kaduna, wanda ya koma Almería a 2020, daga nan Real Sociedad a 2022. Ranar da ya sauka, da kunnen Bahaushe ya fara jin harshen. Ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da ke nan Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, yau take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Cikinsu akwai masu neman ƙaro karatu a waje, kuma ba Ingila da Amurka kaɗai ke da jami'o'i ba.

Mutanen Sifaniya ba su bar harshensu a hannun sa'a ba. A 1492 Antonio de Nebrija ya wallafa nahawunsa. A 1713 aka kafa hukumar kula da harshen a Madrid, Real Academia Española, kuma ƙamusunta yana intanet kyauta. Ka buɗe "lleno" ka ga ma'anoninta a jere. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Ƙamusun Bargery ya fito tun 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, Hausa zalla. Kayan aiki suna nan gefe biyu, haɗa su ne ya rage.

Saboda haka ina kira ga malamanmu na sashen harsuna a Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun jihar nan, a zauna a rubuta ɗan littafin koyon Sifaniyanci da bayanin Hausa kai tsaye, ko da na kalmomi dubu ne na farko, da misalai daga kasuwa da gona da filin ƙwallo. A nemi 'yan'uwanmu na Malabo da Bata su sa hannu, domin su harsunan biyu duk a bakinsu suke. Malaman Hausa na firamare da sakandare a Wudil, ku ba yara aikin gida su tambayo kakanninsu duk hanyoyin da ake amfani da "cika", su rubuto su kawo aji. Ku kuma samari masu kallon ƙwallo, in kun tsinci kalma, kada ku tsaya a abin da waya ta ce. Ku saurari yadda mai harshen ya sa ta a jimla, ku nemo mata Hausarta da kanku, ku rubuta a littafi.

Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman wanda ya taɓa zama a ƙasar da ake wannan harshe, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.